Likkafanin Baba Alhaji a Hanyar Gudduwa

Fita daga Sabha

Ba a kira assalatu ba muka turo babur waje. A shekarun nan ne da kuɗin mai ya buɗe Libiya, ko'ina gini ake yi, mu kuma muna leburanci a Sabha. Ɗakinmu ɗaya da Ilu, wani Badamagare mai taurin kai, shi ne mai babur ɗin. Na ukunmu Baba Alhaji ne, dattijo mutumin Tasawa, wanda ya koma gadin gonar dabino a Gudduwa da ƙarfin ɗaukar bulo ya ƙare masa. Direban da ke kawo tumatir kasuwa ne ya buga mana ƙofa, ya ce Baba ya cika jiya bayan magariba. Mai gona ya ce za a jira mutanensa zuwa azahar, ba za a wuce haka ba.

Baba yana da likkafani da ya saya a Makka, ya wanke da zamzam. Ya bar shi a akwatinsa wurinmu saboda ɗakin gona ɓeraye sun yi yawa. Sau da dama na ji yana cewa, "Ilu ɗana, ba ni da gona nan, ba ni da dangi. Ƙyallen nan kaɗai na roƙe ka." Ilu ya naɗe shi cikin leda, ya ɗaure da igiyar roba, ya miƙo mini. Na rungume, na hau baya.

Shingen sojoji

Mun yi asuba a bakin gari, kusa da shingen da suke kira bawwaba. Wani soja da ya ƙudundune cikin bargo ya haska mu da tocila, ya ce, "Wen mashi?" wato ina za mu. Ilu ya haɗa ɗan Larabcinsa ya ce Gudduwa za mu, jana'iza. Sojan ya taɓa ƙunshin, ya gane abin da ke ciki, ya janye hannu. Ko takardunmu bai duba ba. Ya ce, "Allah yarhamu," ya ɗaga mana ƙarfe.

Tafiyar kilomita sittin ce da 'yan kai, kwalta sabuwa. Na ce wa Ilu kafin hantsi muna can. Ban duba sama ba, don wa yake duba sama a Fezzan, yankin hamadar nan? Tun zuwana ƙasar ban ga ɗigon ruwa ya sauko ba.

Tsakanin Sabha da Gudduwa

Gari ya waye da duhu, sai yayyafi, sai ruwa sosai mai sanyi kamar an fito da shi daga randa. Ba mu yi nisa ba babur ya fara tari. Ya ja, ya saki, ya ja, ya buga wata ƙara ta salansa, ya mutu.

Na ce, "Kai Badamagare, me ka zuba masa, fetur ko kunu?"

Ya ce, "Bakano, rufa mini baki. Moton nan bai taɓa ba ni kunya ba."

Gaskiya ya faɗa, amma ruwa ma bai taɓa taɓa shi ba. Ni na dage cewa ruwa ne ya shiga tanki. Muka kwance ƙasan kafireta, muka tsiyaye fetur a tafin hannu, babu ko ɗigon ruwa. Muka buɗe wurin soson iska, a bushe yake. Ilu ya ciro fulogi, ya goge da gefen rawaninsa, ya hura, ya mayar. Lokacin ruwa ya ɗan tsagaita. Bugu biyu babur ya tashi lafiya lau, har Ilu ya waiwayo ya yi mini kallon raini.

Da ruwa ya dawo, tarin ya dawo. Haka muka yi ta yi: mu tsaya, mu goge, mu hau, ya mutu. Motoci ba su da yawa ranar, domin ruwa ya haye kwalta a wani kwari. Wata babbar motar siminti ta wuce, muka ɗaga hannu, ta watsa mana ruwa ta yi gaba. Ban san sanda na raka direban da baƙar magana ba, ga likkafani a hannuna. Na yi istigfari daga baya.

Rumfar mai shayi

Muka tura babur har wata rumfar kwano ta wani tsoho Batube, ɗan ƙabilar hamada, mai sayar da shayi. Ya ba mu shayi mai kumfa da burodi da dabino, da ya ji inda za mu ya ƙi karɓar komai. Ilu bai iya ci ba.  Hantsi ya riga ya wuce.

A cikin rumfar, da yake akwai duhu, Ilu ya sake buga babur, ni kuma na durƙusa ina kallon injin. Sai na hangi wani ɗan shuɗin tartsatsi yana tsalle daga wayar fulogi zuwa jikin ƙarfe. Na kai yatsa don in nuna masa. Abin da ya fizge ni har kafaɗa, Allah kaɗai ya sani, na faɗi zaune cikin laka. Tsohon ya yi dariya har da tari.

Muka duba wayar. Ranar Fezzan ta ƙona robar da ke jikinta, ta tsattsage, hular fulogin ma ta tsage. A bushe wuta tana bin hanyarta. Da ruwa ya cika tsagar, sai ta bi ruwa ta zube a jikin injin, fulogi ya tashi a banza. Muka shanya wayar a bakin murhun shayi, amma da me za a rufe ta? Tsohon ba shi da ko guntun salatif. Na dubi ledar da ke hannuna, Ilu ya bi idona da kallo.

Ya ce, "A'a. Ba a tuɓe wa Baba ƙyalle a bisa hanya."

Na ce, "Ilu, ko ya isa a jiƙe, ko kada ya isa. Zaɓi ɗaya."

Ya juya mini baya. Can ya karɓi ƙunshin, ya yi bisimilla, ya kwance da kansa. Ya ɗaga rigata ya manna likkafanin a cikina, ya ɗaure da rawaninsa. Muka yanka ledar, muka nannaɗe waya da hula, muka ɗaure tam da igiyar robar nan, muka janye ta nesa da zafin injin. Daga nan babur bai ƙara tari ba, amma ruwan da ya haye kwalta ya sa mun yi ta rarrafe.

Gudduwa

Muna shiga gari muka ga ƙofar masallaci babu takalma. An idar da azahar. Wata mata ta nuna mana bayan dabinai, Ilu ya jefar da babur yana aiki, muka zuba a guje. An riga an yi wa Baba salla, an ajiye makara a bakin kabari, an sa shi cikin sabon likkafani da mai gona ya saya. Mutum bakwai ko takwas ne a wurin.

Ilu ya kasa haɗa Larabci. Sai ya ɗaga rigata kawai ya zaro ƙyallen, yana cewa, "Zamzam, ya haj, zamzam." Mai gonar, wani dattijo da ake kira Haj Salim, ya dubi liman. Liman ya taɓa ƙyallen, ya ji ɗumin jikina da danshin ruwa, ya ce babu laifi a ƙara wa mamaci mayafi. Aka shimfiɗa shi a kan makara, aka naɗe Baba a ciki. Ilu ne ya ɗaure ƙullin wajen kai. Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba.

Komawa gida

Haj Salim ya tsare mu muka ci bazin, tuwonsu na sha'ir, ya ba mu busassun riguna. Ya ce Baba mutumin kirki ne, bai taɓa cin dabino ɗaya bai tambaya ba. Mun kamo hanya bayan la'asar, sama ta washe, muka iso Sabha lafiya kafin magariba. Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da sojan nan, da tsoho mai shayi da ban tambayi sunansa ba.

A bakin kasuwa Ilu ya tsaya, ya shiga shagon yadi. Ya fito da farin alawayyo irin na likkafani a ninke, ya miƙo mini in riƙe.

Ya ce, "Bakano, ka ga wanda na saya. Za ka ga inda zan aje shi."

Wannan karon ban tsokane shi kamar kullum ba. Na ce, "To," na hau baya.