Asabar Ɗin da Na Bi Maigida Bukit Tabur

Shekararmu ta biyu a unguwar Setapak a Malesiya maigidana ya fara hawan dutse da abokan karatunsa. Duk Asabar sai su nufi Bukit Tabur, su dawo da hotuna da cika baki. Mu mata namu suyar ƙosan guzuri. Wai namiji ne jininsa ke son kasada, mace ko tsani ta gani sai salati.

Maganar tana ci mini rai. A Jos na tashi, duwatsun bayan gidanmu ne filin wasanmu. Shi kuwa ɗan Haɗeja ne, tudun da ya sani bai wuce na shara ba. Na yi ta naci har ya yarda in bi su sau ɗaya.

Abokansa suka yi gaba. Mu biyu muka iso wani wuri siriri, rami dama rami hagu, sai igiya da ake kamawa. Na haye, na tsaya a baki, iska na kaɗa mini hijabi, dogayen benayen gari can ƙasa kamar ashana. Rabona da irin wannan daɗin tun ina budurwa. Na juyo in tsokane shi, sai na gan shi zaune ya rungume dutse, gumi har gemu.

Na koma na zauna kusa da shi. Bai dube ni ba ya ce, "Shekara guda ina jira ki hana ni. Ko sau ɗaya ki ce kada in je, in samu abin faɗa musu."

Ni kuma duk Asabar ina raka shi har lif ina yi masa kirari, a zatona kyauta masa nake.

Muka sauko a hankali, aka ce wa abokan ƙafata ce ta gurɗe. Da yamma a mamak, wato gidan abincin can, ana shan shayi, na tashi a gabansu na yi faɗa sosai, na ce ban shirya takaba a ƙasar mutane ba, ba shi ba dutse. Ya ɗan yi gardama don kada a gane, sannan ya ce, "To kun dai gani."

Suka yi ta dariya, aka ce ai mata ke nan. Har muka bar Malesiya sunana matsoraciya, kuma ban samu bakin cewa ina son sake hawa ba. Daga tagar kicin ɗina ana hango dutsen.