Hanyoyin da Orval Ya Soke

Orval Hruska mai gyaran famfon rijiya ne a yammacin jihar Kansas ta Amurka, kuma a duk masu bin guguwa ban taɓa ganin matsoraci irinsa ba. Shekara goma sha tara muna fita tare duk watan Mayu, ni a sitiyari, shi a gefe da tsohon littafin taswira a cinya. In mun tsaya kallon hadari, kowa sai ya diro da kyamara, shi kuwa sai na juya mota tukuna ta fuskanci hanyar gudu, kuma ban isa in kashe inji ba. Abokai suka laƙaba masa suna Juya, don ba shi da wata kalma sai ita.

Taswirar nan ta sha fensir. Duk burjin da ke zama jar laka in ya sha ruwa, ko ya ƙare a bakin rafi, ya soke shi. Lokacin sanyi yake bin su ɗaya bayan ɗaya da akori-kurarsa. Nakan tsokane shi cewa waya ta fi shi sanin hanya.

"Wayar taki ta taɓa tura mota, Twila?" in ji shi.

Ba guguwa ce ta kashe shi ba. Zuciya ce, a watan Janairu, yana zaune a kicin yana ɗaura takalmi. Na ji haushinsa ƙwarai, har yau ma ban huce ba. Matarsa ta miƙo min taswirar a maƙabarta, na jefa ta kujerar baya ban buɗe ba.

Bana na fita ni kaɗai. Da la'asar guguwa ta sauko a gonar alkama, faɗinta ya kai rabin mil, sai ruwa ya lulluɓe ta na daina ganinta. Abin da muka fi tsoro ke nan. Ƙanƙara na dukan gilashi, kunnuwana suka toshe. Sai a lokacin na lura ban juya mota ba, don babu wanda ya ce in juya.

Waya ta nuna burji ta kudu, mil biyu a hau kwalta. Motoci uku na abokanmu suka bi shi a guje. Ɗaya hanyar ta gabas ce, mil shida, kuma gabas guguwar ta nufa. Na miƙa hannu kujerar baya na laluɓo taswirar Orval. Ya soke hanyar kudu, a gefe ya rubuta: "Ruwa ya tafi da gada."

Na fizgi rediyon da muke magana da juna. "Ku juya. Babu gada. Ku juya, na ce."

Biyu suka juyo, muka bi gabas, kwanon rufin mutane na shawagi a madubina. Ina zagin Orval ina roƙon Allah. Mai mota ta uku bai ji ba. Ya tarar babu gada, ya ɓuya a cikin kwalbati ya tsira da rai, amma yanzu sai da sanda yake tafiya.

Da na isa gida na bi taswirar shafi-shafi. Orval ya gama bin hanyoyin Kansas, ya ci rabin na jihar Oklahoma. Daga shafi na arba'in babu ɗigon fensir ko ɗaya. Masu hasashen yanayi sun ce a can inda bai kai ba hadarin jibi zai haɗu, kuma har yanzu na kasa zuba wa mota mai.