Kawu Sale da Firjin Inna Hauwa

Kun dai san Kawu Sale ba ya fara gaisuwa in ya shiga gidan mutum. Firji yake nufa, ya zura hannu, ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai tanda ce."

Malamin kimiyya ne kafin a sallame shi ya koma gyaran rediyo a kasuwar Gadarif. Burinsa ɗaya tak: wai akwai tsohon haske da ya saura tun farkon halitta, shi kuma sai ya auna gefen da yake karkata. Na'urar awon kuwa ba ta aiki sai an sanyaya ta har wayarta ta daina gardama da lantarki. A Gadarif fa, jama'a, inda ko inuwa gumi take!

Wata Babbar Salla ya kwashe naman layya daga firji ya cusa wayoyin na'urarsa. Matarsa Inna Hauwa ta buɗe, ta dafe ƙirji.

"Malam, ina naman?"

"Na raba wa maƙwabta. Lada naki, tallaja tawa, halas." Wato firji ya zama nasa, magana ta ƙare.

Har Salla ta wuce bai ga tsoka a miyarsa ba, bai kuma cire ko waya ɗaya ba.

Sai ya ɗora wani ƙaton faranti a kan rufi, a shekarun da ake farautar masu kama tashoshin waje. Wasu jami'an tsaro suka zo da mota suka ce ya kunna. Ya kunna, talabijin ta cika da yayyafi.

Ɗayansu ya ce, "Ya zol, kai malam, ina tashar?"

"Ita ce wannan, tashar tsohon haske. Ta girmi kakanku. Ku zauna."

Wallahi ya tsare su da bayani har la'asar, su ne da neman izinin tafiya.

Bai auna komai ba, gaskiya. Amma 'yarsa Zainabu ta bi karatun har ƙasar waje, inda ake da sanyi na gaske. Yana kwance ciwon ajali ta bugo, ni na riƙe masa wayar.

"Baba, mun sanyaya na'urar. Tana aiki."

"Kun ga inda hasken ya karkata?"

"Tukuna."

"To me ya kawo ki waya? Koma ki ƙara mata sanyi."

Ya sa na kashe. Sannan ya kama hannuna yana hawaye yana cewa, "Ka ji ko? Tana aiki." Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar, ni ma na kasa riƙe nawa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya nuna wa Zainabu abin da shi bai samu gani ba. Amin.