Yadda Na Wanke Zanen Kakana

Kakana magini ne a cikin birnin Zariya. Ban san shi ba, ya rasu kafin a haife ni. Gidajen da ya gina wa mutane duk an rushe su an sa bulo. Abin da ya rage na hannunsa shi ne zanen da ya yi da laka a bangon ɗakin kakata: wata igiya mai naɗe-naɗe da ta taso daga kusa da daɓe, ta hau ta zagaye taga, ta ƙare a gindin rufi.

Duk shekara idan damina ta wuce, wani farin abu kamar gari yakan fito a ƙasan bangon. Kakata tana kiransa kanwar bango. Takan share shi da busasshiyar tsintsiya mai laushi, ta tara a sakaina, ta sa a kai bola. Da idonta ya yi rauni, aikin ya dawo kaina. Lokacin ina shekarar farko a jami'a, a harabar Kongo da ke nan Zariya, ina karatun shari'a.

Ni mutum ce mai son abu ya fita tas. Littattafaina ma jere suke bisa tsayi. Sai na ga sharar tsintsiya rabin aiki ce, don farin yakan maƙale a lungunan zanen. Na samo soso da bokiti, na ɗebo ruwan rijiyarmu, wanda mu kanmu ba ma sha saboda ɗanɗanon kanwa. Kowace Asabar nakan durƙusa in bi igiyar lungu-lungu. Idan na gama, bangon yakan yi ja, ya yi kyau.

Kakata ta ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ce, “Ke 'yar boko, wanka kike wa bangon?”

Na ce, “Tsabta ce, Kaka.”

“To madalla. In ya kamu da mura, ke za ki goya shi zuwa asibiti.”

Muka yi dariya. Ban tambaye ta dalilin da ya sa ita ba ta taɓa sa masa ruwa ba.

Bayan kwana uku farin yakan dawo, ya fi na da yawa. Har ina gwada tsayinsa da rula ina rubutawa a bayan littafina. Daga idon sawu ya kai gwiwa. Ina ganin yana hawa, amma abin da na fahimta kawai shi ne ban wanke sosai ba. A hutun ƙarshen shekara na sayo fenti mai ƙyalli, na shafe bangon daga ƙasa zuwa ƙirjina. Farin ya ɓace. Na yi wata huɗu ina jin daɗin kaina.

Wata rana wata 'yar ajinmu daga Wusasa ta biyo ni gida mu yi bita. Mahaifinta malamin makaranta ne, yana cikin masu kula da tsohon cocinsu na laka. Da muka shiga gaida kakata, ta tsaya tana kallon bangon. Ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya yi ƙara kamar ƙwarya. Sai da muka fito tsakar gida ta ja hannuna.

“Wa ya shafa wannan fentin?”

“Ni.”

“Ke? Mai gyara wa lakcara kuskure a zuci? Kafin nan me kike yi masa?”

Na faɗa mata. Ta dafe kai.

Ta yi mini bayanin da ta ji wurin mahaifinta. Gishirin a cikin ƙasa yake. Laima ce ke ɗauko shi ta hau bango da shi, idan ta bushe ta bar shi a waje. Wanda ya share shi a bushe ya raba bangon da shi. Wanda ya sa ruwa kuwa ya narkar da shi ya mayar ciki, ni har da ƙarin na rijiya. Fenti kuma ya toshe masa hanyar fita, sai ya taru a ƙarƙashi yana cin laka.

Ta ce, “Ki faɗa wa Babanku yau.”

Ban faɗa ba. Mako biyu ina tsara maganar a raina, in na zo gabansa sai in gaishe shi in wuce. Ranar da na iya buɗe baki, fentin ya riga ya kumbura a wuri uku.

Baba ya kira wani tsohon magini wanda ya koyi aiki a hannun kakana. Maginin ya sa bakin wuƙa a hankali ya ɗaga fentin. Igiyar ta biyo shi, ta zube a kan daɓe kamar garin dawa. Daga baya ya kankare duk inda ya ruɓe, ya ce a bar bangon ya sha iska, a kuma gyara magudanar da ke bayan ɗakin. Zanen da ke sama ya tsira. Na ƙasa, wajen kamu biyu, ya tafi.

Da lokacin yaɓe ya yi, maginin ya ce wa kakata, “Hajiya, zan iya mayar da igiyar. Amma gaskiya hannuna ba nasa ba ne.”

Ta ce, “Bar shi haka, Malam. Shafe shi kawai.”

Na matso na ce, “Kaka, ni ce na jawo.”

“Na sani. Ina jin ki duk Asabar. Na ga kina so ne, shi ya sa ban hana ki ba.”

Da ta yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Yanzu bangon sumul yake daga daɓe zuwa ƙirji, igiyar kuma tana farawa ne daga tsakiya. Baƙi sukan yaba, suna zaton haka mai ita ya tsara ta. Wani lokaci nakan gaya musu gaskiya. Yawanci nakan yi shiru.