Birkin da Ya Kori Jaji daga Zurmi

Jaji bakaniken babur ne, kuma duk wanda ya ce maka yana da daɗin zama, ƙarya ya yi maka. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, bakinsa kamar barkono. Ubansa manomin gero ne a wajen Moriki. Shi ko tun yana saurayi ya jefar da fartanya ya tafi Kaura Namoda, ya shekara tara yana koyon gyara. Da ya dawo Zurmi, abu biyu ya zo da su: sanin birki, da rashin haƙuri da wawa.

Shekara ashirin ya yi a gindin darbejiyar bakin tasha. Ka kawo masa babur don fulogi, kafin ka rufe baki daga sallama ya riga ya taka birkinka. In ya ji laushi, sai ya zare makulli ya jefa aljihu.

"Ba ka tashi nan bisa wagga makara," in ji shi. "In ka gaji da duniya, matar da kaka ɗauka ba ta gaji ba."

'Yan kabu-kabu sun tsane shi, wallahi, amma wurinsa suke zuwa, don birkin da Jaji ya taɓa ba ya cin amana.

Sai ɓarayin daji suka addabi hanya. Akwai wani gangare a bakin kwazazzabo inda suke yawan tare mutane. In 'yan kabu-kabu sun kawo nan sai su kashe inji, su gangara shiru, rai a hannu. To birkin da ya sha ƙura kuka yake, ƙiiii, har cikin daji. Ban san wane shashasha ya fara ba, amma kafin damina ta wuce kowa ya koyi tsiyaya baƙin mai a cikin kwanon birki. Kuka ya ɗauke, i. Kamu ma ya ɗauke.

Ranar da Jaji ya buɗe tayar Saminu ya ga mai yana naso, sai da tasha ta taru. Saminu shi ne mai baki a cikin 'yan kabu-kabu, matashi ne mai son a ce da shi gwani. Jaji ya ɗaga shu ɗin birkin sama, wato ƙarfen nan mai fata da ke kama taya, yana ɗigar da mai.

"Ku zo ku ga aikin jaki! Kai ko miya kaka dahwawa a taya?"

Aka bushe da dariya. Saminu ya karɓe babur ɗinsa yana huci.

Bayan kwana uku magana ta fara yawo. Wai me ya sa Jaji yake hana a sa mai? Wai so yake birki ya yi kuka don na daji su ji. Daga nan sai wani ya furta kalmar: infoma, mai kai wa ɓarayin daji rahoto. Haba jama'a! A garin da kowane gida ya yi zaman makoki, wannan kalma ba a tsaya mata bincike. Wanda ta manne wa, in ya tsira da ransa ya gode Allah.

Rumfar Jaji ta bushe. Matarsa Suwaiba in ta shiga gidan suna sai mata su yi tsit. Shi kansa a masallaci, wanda ke gefensa sai ya ɗan janye kafaɗa. Wannan ya fi komai cinsa, ya koma gida ya kasa taɓa tuwo.

"Malam, ka je ka ba yaron nan Saminu haƙuri," in ji Suwaiba.

"Ni? In ba jaki haƙuri don na kira shi da sunansa?"

Mai unguwa ya kira zama da hantsi a ƙofar gidansa. Mutane suka cika, wasu da sanduna. Jaji bai zo da rantsuwa ba, da akwatin kayan aikinsa ya zo. Ya ce a ba shi babur ɗin Saminu. A gaban kowa ya kwance taya, ya yar da shu ɗin da ya jiƙe, ya wanke kwanon da fetur har ya yi ƙal. Ya ɗauko sabon shu, ya goge fuskarsa da samfefa, ya bi gefunansa da magagari ya rage musu kaifi. Ya ɗaure, ya daidaita sandar birki, ya hau.

Ya je ƙarshen layi, ya taho a guje, ya kashe inji, ya taka. Babur ya tsaya cak a gaban tabarmar mai unguwa. Ko ƙis ba a ji ba.

"To ga shi nan!" in ji Jaji, yana haki don murna. "Ƙura da ƙazanta ka sa birki kuka. Da kun tambaya da na gwada maku, amma ku ba ku tambaya, sai dai gulma!"

Wasu sun fara sauke sanduna. Sai Saminu ya miƙe a hankali, ya gyara hula.

"Ranka ya daɗe, tambaya guda gare ni," ya ce wa mai unguwa. "Su wa ka shigowa gari bisa babura ba a ji motsinsu ba? Kullum muna mamakin wa ka gyara masu. To yau mun gani da idonmu."

Kai, Allah ya isa tsakaninmu da irin wannan baki! Jaji ya juya ga taron. Ya duba fuskokin mutanen da ya shekara ashirin yana tsare wa wuya. Babu wanda ya yarda suka haɗa ido.

Bayan la'asar mai unguwa ya same shi a gida, bai ko zauna ba.

"Malam Jaji, ni na san ka, na san ubanka. Amma ba ni iya tsare ka. Ka ɗan matsa, har ƙura ta lafa."

Washegari da safe ya ɗaure akwatinsa a bayan babur, Suwaiba ta hau da ƙullin kayanta, suka bi ta gaban tasha. 'Yan kabu-kabu suna zaune, babu wanda ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Shekara huɗu ke nan. Yana Kaura Namoda yanzu, a wata 'yar rumfa kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, gemu ya yi fari. Hannunsa na nan yadda yake. Kwanan baya wani ɗan kabu-kabu daga Shinkafi ya tsaya wurinsa, ya ce, "Baba, birkin nan ya dame ni da kuka, kuma ka san hanyarmu. Akwai dabarar da za a yi ya yi shiru?"

Jaji ya daɗe yana kallon tayar. Magagari na nan kusa da gwiwarsa.

"Ban iya ba," ya ce. "Gwada gaba."