Dabbar Falo Ba Ta da Baki

A gwangwanin fensiran Kawu, kowane launi ya ƙare ya koma guntu, ban da kore. Shi yana nan da tsawonsa kamar jiya aka sayo shi. Yara a makaranta da kore suke zana dainoso, manyan dabbobin nan da suka ƙare shekaru miliyoyi da suka wuce. Kawu kuwa cewa yake, wanda ya gan su da idonsa ya zo ya shaida.

Aikinsa ɗaukar hoton ƙashi ne a asibiti. Shekara ashirin da huɗu yana cewa mutane su ja numfashi su riƙe, har ta kai idan ya dubi mutum, haƙarƙarinsa yake fara gani kafin fuskarsa. Da ya taso aiki sai ya nufi bangon falonsa, inda ya zana dainoso guda, daga bakin ƙofa har taga. Ƙashin baya ɗai-ɗai ya ƙirga. Jelar sau uku yana goge ta yana sake zana ta a ɗage. Da ya karanta cewa irinta na da gashi kamar tsuntsu, wata biyu ya yi yana dasa mata, maƙwabta suka sa masa suna Mai Kaza.

Baki ne kawai babu. Masana sun rabu biyu: wasu sun ce leɓe ya rufe haƙoran, wasu sun ce a waje suke kamar na kada. Shekara shida Kawu na jiran su daidaita.

Sai ga iyayen saurayin 'yarsa za su zo ranar Asabar. Gwaggo, matarsa, ta tsaya tsakiyar falo da hannu a ƙugu.

"Malam, ko ka yi mata baki, ko mai fenti ya shafe ta. Ba zan zaunar da surukai ƙarƙashin kazar da ba ta da fuska ba."

"Ba kaza ba ce."

"To ta buɗe baki ta faɗa da kanta."

Ranar Alhamis mai fenti ya iso da bokiti biyu. Ya ja da baya ya ƙare wa bangon kallo, abin ya ba shi tausayi.

"Yallaɓai, minti biyar ne fa. In zuba mata haƙora zaƙo-zaƙo, kowa ya huta."

"Guda nawa?"

"Yadda wurin ya ɗauka."

Kawu ya ji kamar an taka masa yatsa. Ya ɗauki fensir, ya matsa kusa da farin gurbin nan. Gwaggo ita ma ta riƙe numfashi ba tare da an ce ta riƙe ba. Layi ɗaya ne tak zai ceci aikin shekara tara. Amma idan ya ja shi, gobe wani ya tono ƙoƙon kan irinta a wata ƙasa ya ƙaryata layin, ya zama maƙaryaci a falonsa, a gaban surukai kuma.

Ya mayar da fensirin aljihu.

"Shafe."

"Duka?" in ji mai fenti.

"Fara daga kai. Can ne ba ni da tabbas."

Gwaggo ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Kawu ya janye kujeru tsakiyar falo, ya lulluɓe su da tsohon zanen gado, sannan ya riƙe wa mai fenti tsani.