Frokost a Tashar Hirtshals

Dattijon ɗan Norway ne, lafazinsa ya nuna. Tun ƙarfe takwas yake tsaye a tashar jirgin ruwa, gemu fari kamar kumfar teku, furanni na yaushi a hannunsa. Ina jin ya shekara goma bai sa kwat ɗin nan ba.

"Bodil da nake nema ta gayyace ni frokost," yake gaya wa wata mata mai sayar da gahawa. "Goma ta wuce. Ta fasa ke nan."

Matar ta yi dariya. "Baba, kakanninmu ɗaya, cikinmu daban. Frokost ɗinku karin kumallo ne, namu na Denmark abincin rana. Sai sha biyu."

Ya dubi agogo, ya gyara wuyan riga. "To ɗan ba ni ruwa a kofi, 'yata. Furannin nan sai sun kai."